Jamusancin Cefanen da Ladidi ta Haddace

Tsiga, 3 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Lauratu a Jamus,

Gaisuwa mai yawa. Babanki lafiya lau, sai ciwon gwiwarsa. Yayanki Mudi ya warke daga zazzaɓi, Gwaggo Amatullahi kuwa har yau tana kwance. Ya nauyin jiki? Ki gaishe da mijinki Kamalu.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Kalmomin cefanen da kike aiko min ta waya duk na kwafe. "Nawa ne wannan?" shi ne "Fi fil kostet das?" Madara "milsh", albasa "tswibel". Ina tsince wake ina maimaitawa, matan gida suna ta dariya, wai Ladidi ta zama Baturiya. Su yi ta yi. In na zo wankan jegonki, ni zan riƙa fita cefane, ke kina ɗaki.

Na bar wa Mudi gonata bana. Yaushe takardun tafiyar za su fito?

Mahaifiyarki, Ladidi

Tsiga, 20 ga Sha'aban

Lauratu,

Jiya a kasuwar Funtua ƙanwar mijinki ta tare ni tana yi min barka. Na ce barkar me? Ta nuna min hoton jaririya a wayarta, wai har an yi suna. Na yi murmushi kamar na sani. Shekaranjiya fa kika aiko min sunan tumatir da Jamusanci, ashe da jaririya a cinyarki!

Ladidi

Jamus, 27 ga Sha'aban

Inna,

Ina durƙusawa, ki yafe min. Ba mu taɓa neman takardun ba. Kamalu ya ce ɗakinmu ɗaya, kuma likita ta hana wankan ruwan zafi. Na san haihuwar fari hakkinki ce, sai na kasa faɗa miki. Duk sanda kika tambayi tafiya, sai in ba ki sabuwar kalma don ki yi farin ciki. Sunanki muka sa mata.

'Yarki, Lauratu

Tsiga, 5 ga Ramadan

Lauratu,

Allah ya raya ta. Da kin ce ɗakinku ɗaya, da na gane, a ɗaki ɗaya na haife ki. Wata shida kina ji na ina karya harshe a waya kina cewa madalla, Inna. Wannan ne ya tsaya min a rai.

Na daka miki yajin jego. Wani ɗan Funtua zai koma can ranar Litinin. In za ki ci, ki sanar da ni kafin ranar. In ba za ki ci ba, ki faɗa min gaskiya wannan karon. Matar Mudi ma ta kusa sauka, sai in ajiye mata.

Mahaifiyarki, Ladidi