Tiya Biyu a Kan Ido Ɗaya

Zuwa ga Babban Likitan asibitin ido da aka auna ni,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan aiki lafiya.

Sunana Rabi, ina awon hatsi a kasuwar Dungas. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake saka tabarau. In na cire, duniya sai ta narke. Da na ji kuna gyara ido da hasken leza, mafarki ya kama ni. Nakan gan ni a bakin gonarmu ta Dogo-Dogo ana yayyafi, ba gilashin da zan goge, ina ƙirga zangarniyar gero ɗaya-ɗaya, ina hango innata tun daga nesa ba sai ta yi magana ba. Ina son wannan gani, likita, har raina.

Ga kukana.

Na ɗaya: an ce sai an auna kaurin tantanin gaban ido, domin in ya yi siriri, aikin zai ɓata shi. Na'urar haske, wadda ba ta taɓa ido, ta ce nawa siriri ne. Aka ɗiga mini magani, aka ɗora wani ɗan tsinke mai aunawa da sauti, ya ce kaurin ya isa. Ido ɗaya, yini ɗaya.

Na biyu: ba wanda ya tambaye ni yadda na zo. Rabin hanya a bayan kabu-kabu na yi, iska ta busar da idon, ga tozalin Juma'a. Ko hakan na karkatar da awo? Ban sani ba. Ƙaramin likitanku ya zaɓi lambar da ta yi masa daɗi, ya rubuta ranar aiki a karne, wato ɗan littafina na asibiti.

A kasuwarmu, in tiya biyu suka saɓa, ba a ɗaukar wadda ta yi wa mai saye daɗi. Sarkin awo ake kai wa, a zuba gero ɗaya a duka biyun, kowa na kallo.

Roƙona: ku sake auna ni bayan na huta, kowace na'ura sau da dama, ku faɗa mini wadda kuka fi amincewa da ita, da dalili. In siririn ne gaskiya, ku faɗa. Zan yi kuka, in goge tabarauna, in koma awona. Amma ranar nan da kuka rubuta, ba zan zo ba. Gero in na yi kuskuren awo, akwai wani a rumbu. Ido biyu ne gare ni.

Allah ya daidaita hannunku, ya kare naku ganin.

Wassalam.
Rabi mai awo, Dungas