Majigin Mai Gurasa

Tandabawi, Makka, Safar 1371

Yaya Tsoho,

Gaisuwa da ladabi. Ya jikin Inna? Ya Rumasa'u da yara? Ni lafiya lau, kafaɗata ta saba da sandar ga-ruwa, ba ta cika kumbura ba yanzu.

Mai gurasar da nake kai wa ruwa, Mirza, daga Rasha ya gudo. Wai can majigi yake shiryawa, har guda biyar. Na farko labarin tsohuwa ce mai jiran ɗanta, hukuma ta ce shirme ne, ko mako bai yi ba aka janye shi. Sauran huɗun kirarin mahukuntan can masu rufe masallatai ne, su suka jawo masa lambar yabo. Maroƙi ne kawai da kwat! Ga shi yau gaban tanderu yana mini kurin basira.

Na farkon kaɗai ya tsira da shi a gwangwani, ya ba ni ajiya. Awwalu, sakaran da muke ɗaki ɗaya, ya gano zaren majigin, mai jerin ƙananan hotuna, ya fi kananzir kama wuta, ya dinga yanka yana hura gawayin shayi. Wata biyu ana sha. Ni ma na sha.

Kamu ɗaya ya rage. Na ɗaga shi a rana, sai ga tsohuwa a bakin ƙofa, hoto bayan hoto, ba ta gusa ba.

Ban iya gaya wa Mirza ba tukuna. A sa ni a addu'a. Ka ce wa Inna bana zan dawo. Na san bara ma haka na ce.

Ƙaninka,
Hashimu