Littattafan da Ke Buɗewa ta Dama

Madarumfa, farkon damina

Zuwa ga Yayana Ilyasu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aikin gadi, yaya zafin Yamai? Ina fatan kana lafiya, mu ma nan sai godiya. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi, wai muryarka a waya ta koma ta tsoho.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Ɗan Baba direba alhali jiya muka yi waya. Tun da yanar ido ta rufe idon Inna kunnenta ya ƙara kaifi, ko a bayan ɗaki na yi raɗa sai ta ji. Abin da zan faɗa maka kuma ba na kunnenta ba ne.

Kwalin da ka aiko wa Shamsu ya iso. Na zaci magani ne, ashe littattafan zane ne na Japan da 'ya'yan maigidanka suka gama da su, manga ko me kuke ce musu. Na so in yi maka faɗa, Yaya. Ƙanenka kamiyo, babbar motar kaya, ya karya masa baya a kan titin gudron Maraɗi, ƙafafunsa ko allura ba su ji, kai kuma ka aiko masa da hotunan mutane masu idanu kamar faranti. Amma na haɗiye faɗan, don tun da aka sallamo shi daga likita ban ga ya riƙe wani abu da marmari ba sai su. Faransancinsa na makarantar lise yana nan bai tafi ko'ina ba.

Ya ba ni labarin ciki. Wai wani saurayi ne mai kai saƙo a kan keke, daga shi sai tsohuwarsa, babbar mota ta buge shi ya mutu, sai ya farka a wata duniya da takobi da ƙarfin tsaga dutse da hannu ɗaya. Ya ce duk irin littattafan haka suke, a mutu a nan, a tashi a can a zama wani abu. Na tambaye shi su 'yan kabu-kabu irinsa masu haya da babur me ake ba su a can, moto mai fiffike? Ya yi dariya har da tari.

Ga abin da ya sa na rubuto. Littattafan nan ta dama ake buɗe su. Inna ba ta ganin abin da ke kan takarda, amma tana ganin motsin hannu. Mu uku ta kai makarantar lakol, ta san boko ta hagu yake buɗewa, littafin Allah kuma ta dama. Ta daɗe tana kallonsa yana juya shafi, sai ta fashe da kuka ta ce Shamsu ya koma ga Ubangijinsa. Ta ciro gafakar marigayi Baba ta kakkaɓe, ta zuba su ciki. Na buɗe baki zan yi magana, Shamsu ya ƙifta mini ido. Daga baya ya roƙe ni in bar ta, ya ce tun haɗarin nan bai ga ta ci tuwo ta suɗe hannu ba sai yanzu. Na bar ta, don ni ma na gaji da jin kukanta.

Ka gaida abokan aikinka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Fiddausi


Madarumfa, tsakiyar damina

Yaya Ilyasu,

Ina gaishe ka, ina gaida gajiya. Da fatan zazzaɓin da ka ce ya sake ka. Nan ruwa ya sauka sosai, tafki ya cika har bakin lambuna, kifi ya yi arha, ni kuma ina nan bakin kaskona na suya.

Ka yi dariya a waya da na ce maka matan unguwa sun fara shigowa neman addu'a wurin Malam Shamsu. Ni ma na yi dariya da farko. Yaron da ko sallar asuba sai da bulala, ga shi Ɗelu mai koko tana durƙusa masa. Ni kuwa Inna ta hana ni taɓa gafakar sai da alwala. Yanzu abin ya daina ba ni dariya.

Kwanciya ta fasa masa baya. Miki ne babba a ƙugu, ina wankewa safe da yamma amma ƙara zurfi yake yi, har ya fara wari. Ma'aikacin likita ya zo ya duba, ya ce ba aikin gida ba ne, a mai da shi Maraɗi tun da sauran dama. Shamsu ya ce ba inda za shi. Ka san shi, duk taurin kansa bai taɓa ƙetare maganar Inna ba, kalma ɗaya ta faɗa za a ɗora shi a mota. To ita kuma cewa take a bar bawan Allah, ya kai matsayin tawakkalin da mu ba mu kai ba, wanda ke kwana da littafi a ƙirji ya fi mu sanin abin da ya dace da shi.

Abinci sai na yi da gaske yake kai loma uku. Rannan ina juya shi ya ce mini shi ma fa kamiyo ya buge shi kamar na cikin littafin, amma da ya farka sai ya ga rufin kwanon nan da fuskata. Ya ce wataƙila bugun ne bai isa ba. Na zage shi tas, na ce fuskar tawa ce ba ta yi masa ba? Na fita bayan ɗaki na yi kukana. Tsoro nake ji, Yaya, wallahi tsoro nake ji.

Ya karanta su duka har ya haddace. Ya ce labarin bai ƙare ba, saura littafi ɗaya. An tsaya inda saurayin ya sami wata ƙofa da za ta mai da shi gida wurin tsohuwarsa, amma in ya shiga zai koma yadda yake, ba takobi ba ƙarfi. Shamsu yana so ya san ko ya shiga. Shi ne kaɗai abin da yake tambaya. Ka nemo masa. In da hali ka kawo da kanka, kai ne babba, wataƙila Inna ta ji taka.

Taka,
Fiddausi


Madarumfa, ƙarshen damina

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji maigidanka ya hana ka hutu sai ya dawo daga tafiya, na kuma ji littafin sai an jira daga wani ɗan makaranta. 

Na faɗa wa Inna. Na karya alkawarin da na yi wa Shamsu, na zaunar da ita na ce littattafan nan ba na addini ba ne, tatsuniya ce ta mutanen Japan, hotuna ne na dodanni da masu takubba, kuma suna koya wa ɗanta cewa in ya mutu zai fi jin daɗi. Na ciro ɗaya na sa mata a gaban ido. Ta ƙura masa ido har hancinta ya taɓa takardar, ba ta ga komai ba sai baƙi da fari. Ta rufe, ta shafa bangon, ta sake buɗewa ta dama a hankali don in gani. Ta tambaye ni tun da aka haife ni ko na taɓa ganin littafin Nasara ya buɗe ta nan. Ta ce in ji tsoron Allah, gajiya da jinya ce ta sa ni yi wa ɗan'uwana ƙazafi.

Na ja ta har gaban shimfiɗarsa na ce ta tambaye shi. Ta tambaye shi. Ya dube ni, ya dube ta, sannan ya ce mata littafi ne da ke ba shi labarin inda za shi. Ta ce Alhamdu lillahi, ta sa masa albarka.

Yau kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Zazzaɓi ya kama shi, mikin ya yi baƙi. Na je tasha na yi magana da Ɗan Baba ya zo mu ɗauke shi da ƙarfi, ya zo har ƙofar gida, Inna ta tsaya a bakin zaure ta ce sai dai a bi ta kanta. Ɗan Baba ya sunkuyar da kai ya koma motarsa. Ban san kuma ƙofar da zan buga ba.

Fiddausi


Madarumfa, kaka

Zuwa ga Yayana Ilyasu,

Bayan gaisuwa, yaya ƙarin haƙuri? Da fatan ka koma Yamai lafiya. Ka yafe mini rashin kula ka da na yi a zaman makokin Shamsu. Ba kai kaɗai nake jin haushi ba, har da ni, har da shi, Allah ya jiƙansa. An fara yankan hatsi, gonarmu ta ƙauyen Safo ta yi kyau bana.

Littafin da ka damƙa mini a zaure ranar da ka iso, bayan an dawo daga maƙabarta, na so in jefa shi a murhu. Inna ta ji ƙarar leda ta tambaya, na ce cikon littattafan Shamsu ne. Ta karɓa da hannu biyu ta sa a gafaka. Ta so ta ba liman su duka sadaka don lada ya kai masa, na ce a bar su a gida, ni zan kula da su. Ta yarda, da sharaɗin kullum bayan sallar asuba in yi alwala in karanta mata daga wanda bai samu ya karanta ba.

Haka muke yi. Ina zama kusa da ita a kan tabarmarsa, in buɗe ta dama, in karanto mata surorin da na haddace tun makarantar allo, ita tana cewa amin. Ban sani ba ko zunubi nake ɗauka. Tana cin abinci, tana barci, ta ce ɗanta ya yi kyakkyawan ƙarshe. Ba ni da ƙarfin sake ƙwace mata wannan.

Bakina yana karatu, idona kuma yana kan hotunan, don ba inda zan kai shi. Shafi-shafi har jiya na kai ƙarshe. Faransancina bai kai nasa ba, amma hoton ba ya buƙatar fassara. Saurayin ya tsaya a bakin ƙofar, ana hango tsohuwarsa daga can ciki tana zaune ita kaɗai da kwano biyu a gabanta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ya ɗauki takobinsa.

Bai shiga ba, Yaya. Na rufe littafin, Inna ta shafa addu'a ta ce gobe in sake faro mata daga farko.

Ka gaida kowa. Kada ka ƙara aiko da komai.

Ƙanwarka,
Fiddausi