Man keken ɗinki a fedal ɗin gita

Yaya Barira,

Na fita kina barci.

Fedal ɗin gitata da kika ce kukansa ya ishe ki, ashe man keken ɗinki kika ɗiga masa? Yaya, taurin nan ba lalacewa ba ce. Shi ke sa in taka kaɗan-kaɗan, sautin gita ya riƙa yin kaushi a hankali, ya tsaya inda ƙafata ta tsaya.

Jiya a bikin da muka yi wasa a unguwar Barunde, amarya na shigowa, kiɗa a sanyaye, na ɗan taɓa shi kawai, sai ya zurma har ƙasa. Sifika ta kwatsa wata ƙara, uwar ango ta saki faranti, yara suka fashe da kuka. Uchenna, ogan ƙungiyarmu, ya ce in aka kuma yau, zai nemi wani mai gita.

Na tafi unguwar Bolari wurin mai gyara a wanke shi a ɗaure. Na san taimako kika yi niyya. Amma don Allah, in kin sake jin yana kuka, ki ƙyale shi. Da kukan nan nake cin abinci.

Rabe