Ragon Suna a Williamsville, Jaririya a Faransa

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai jego da baƙuwar da Allah ya ba mu. Ranar da ka bugo waya ka ce an sauka lafiya, mace ce, sai da na bi unguwar Adjamé shago-shago ina raba goro, har direban tasin woro-woro da ban sani ba na ba shi. Na yi jika. Har yanzu idan na faɗa a raina sai in ji ina dariya ni kaɗai.

Amma akwai magana, kuma a waya harshena ba zai iya ba.

Ka tuna rumfata ta ƙanƙara a Treichville, inda masu kifi ke saye. Kana ƙarami, kakan tsuguna bakin buhunan kana kallon ruwan da ke narkewa yana yanka hanya cikin yashi, yana rabuwa, yana sake haɗuwa. Ni korarka nake yi. Mahaifiyarka ce ke cewa, "Bar shi, karatu yake yi."

Da ka tafi Faransa nazarin duniyoyin sama, na shiga makarantar yamma da furfurata, don in karanta abin da kake rubutawa da idona. Zuwanka na ƙarshe ka shimfiɗa mini hotunan duniyar Mars a kan tabarma. Ka nuna mini kwaruruka masu rassa, ka ce ruwa ne ya haƙa su tun da can, ya tafi, ya bar sawunsa. Ka nuna inda ƙasa ta tsage gida-gida kamar bayan kunkuru, ka ce ƙanƙara ce a ƙarƙashi take takurewa da sanyi. Ka nuna wani wuri da ƙanƙara ta gangaro daga dutse a hankali, tana jan duwatsu a bayanta. Har ka ce akwai wani wata na duniyar Jupiter da ƙanƙara ta lulluɓe shi gaba ɗaya, duk ya daddare, ana zaton teku ne a ƙasa. Na ce maka wannan ai na sani, ƙanƙara tana kuka kafin ta fashe. Ka yi dariya ka ce in zo in koyar a ajinku.

A wannan zuwan ne muka je kabarin mahaifiyarka. Ba wanda ya roƙe ka. Kai da bakinka ka ce idan Allah ya ba ka 'ya mace, sunanta, Rabi'atu, za a sa mata.

Saboda haka na sayi rago, na ɗaure shi a tsakar gida, na aika wa dangin mahaifiyarka a unguwar 220 Logements su zo suna, an yi wa 'yar'uwarsu takwara. Sai ana gobe suna ka ce mini ai tuni an rubuta sunan a ofishin gari, Hélène, sunan malamarka wadda ta koya maka karanta waɗancan hotuna.

Ban raina matar ba, Allah ya saka mata. Amma Habibu, kai da aikinka shi ne ka dubi busasshen kwari a wata duniya ka faɗi ruwan da ya fara bi ta wurin, yaya aka yi ka kasa gane wanda ya fara bi ta kanka?

An yi suna. Da liman ya sunkuyo ya tambaye ni me za a raɗa mata, na faɗi wanda ka zaɓa, domin suna haƙƙin uba ne, ba na kaka ba. Inna Hauwa, ƙanwar mahaifiyarka, ta tashi ta ɗauki mayafinta, sauran suka bi ta. Ko naman da na aika musu sun dawo da shi. Ni na gayyace su, ni na ji kunyar.

Duk da haka, hotonta da ka aiko yana aljihun rigata. Goshin mahaifiyarka ne sak. Ka gaya mata angonta tsoho yana nan yana jiranta, kada ta ɓata lokaci da samarin Faransa.

Abu ɗaya nake nema. Idan za ka kawo ta, kada ka fara sauka gidana. Ka wuce da ita wurin Hauwa, ka ɗora mata ita a cinya, ka yi mata bayani da bakinka. Ni na gama ba da haƙuri a madadinka.

Allah ya raya ta, ya shirya ta, ya jiƙan wadda ba ta gan ta ba. Kai kuma Allah ya yi maka albarka, ban janye ba.

Mahaifinka,
Sule Mai Ƙanƙara, Williamsville