Tela Ya Ba Da Sunaye

Wasiƙa ta farko

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya jikin, ya kuma haƙuri da zaman wurin? Mama tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har tana taka matakalar ƙofa ba tare da na riƙe ta ba.

Lauya ya ce ba talabijin a inda aka tsare ku, shi ya sa na ce bari in ba ka labarin shirinmu. Saura kashi ɗaya zango na huɗu ya ƙare. Auta, wannan Telan ba a taɓa rubuta mugu irinsa ba! Sauran miyagun shirin duk hayaniya ce da zare ido. Shi ko murya bai ɗagawa. Makon jiya wani ɗan sanda ya shigo shagonsa da barazana, sai ya zaro tef daga wuya ya auna masa kafaɗa, ya rubuta a littafi, ya ce masa ya dawo Laraba. Na ajiye jan biron da nake gyaran jarrabawar ɗalibai, na tafa ni kaɗai. Mama ta leƙo ta ce malamar makaranta guda tana yi wa ɗan fashi tafi, Allah ya shirya.

Na sani ni na koya maka kallon mugu da idon basira. Ni na ce maka darajar Tela ita ce bai taɓa sayar da yaransa ba, su ma ba su taɓa kiran sunansa ba. Amma wancan wasa ne, ƙanena. Kwalin haramtattun kayan da aka kama a bayan motar da kake tuƙawa ba naka ba ne, kai direba ne kawai. Lauya ya ce in ka faɗi wanda ya ɗora maka shi kafin zaman kotu, za a mai da kai shaida. Ya ce ya tambaye ka sau uku, kana murmushi kana cewa kai ba ka san kowa ba. Don girman Allah ka yi tunani.

Taka har kullum,
Yaya

Wasiƙa ta biyu

Auta,

Ina gaisuwa, ina fatan zazzaɓin da lauya ya ce ka yi ya sauka.

An nuna ƙarshen. Sun kama Tela, suka zaunar da shi a ɗakin tambayoyi, suka ce ko shi ko yaransa. Na rantse zai yi shiru. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Ya nemi a kawo masa littafin awonsa, ya dinga buɗe shafi yana karanta musu sunaye ɗaya bayan ɗaya, har da tsawon kowa da faɗin wuyansa don kar su sha wahalar ganewa. Ka tuna Dogo, wanda aka karya wa yatsu a zango na biyu bai ce uffan ba? Sunansa Tela ya fara kira. Hoton ƙarshe Dogo ne a bayan ƙarfe yana jiran maigidansa ya aiko, Tela kuma yana wani gari yana goge sabon almakashi.

A matsayin labari, wallahi sun gwanance. Duk zangon nan huɗu halinsa yana gabanmu, mu ne muka ƙi gani. Bai taɓa son kowa ba, auna su kawai yake. Na koyar da adabi shekara goma sha biyar, amma na karanta mutumin nan a baibai, na kuma koya maka shi a baibai.

Maigidan da kake rufa wa asiri ko sau ɗaya bai tako gidan nan ya gai da Mama ba. Jibi ne kotu. Ka buɗe baki, Auta. Ka faɗi sunansa.

Yayarka mai ƙaunarka

Wasiƙa ta uku

Ƙanena,

Ina yi maka sallama. Ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda aka yanke wa shekara bakwai ba, amma ya kake?

Jiya lauya ya dawo min da wasiƙata ta biyu, a liƙe kamar yadda na ba shi. Laifina ne. Don in sa ka yi saurin buɗewa, sai na rubuta a bayan ambulan cewa ƙarshen shirin yana ciki. Ya ce kana ganin rubutun ka miƙa masa kana dariya, ka ce a gaya wa Yaya kar ta ɓata maka labari, da idonka za ka kalla in ka fito. Na manta dokarmu ta gida. Tun kana ƙarami in na riga ka kallon abu, toshe kunne kake kana ihu har in bar ɗakin.

Ga ta nan na sake haɗo maka. Ka karanta ko kar ka karanta, lauya ya ce yanzu sunan ba zai canja abu mai yawa ba. Motar da kake tuƙawa na gan ta shekaranjiya a bakin makarantarmu, an wanke ta fes, wani ne a kujerarka.

Mama ta daina tambayata yaushe za ka dawo. Tana zama a kujerarka ta falo ta sa in kunna talabijin, ba ta kallo.

Sun sanar za a yi zango na biyar baɗi. Na ƙirga a yatsu, in suna yin ɗaya a shekara, sai a na goma sha ɗaya za ka fito. Ban sani ba ko shirin zai kai. Ban sani ba ko Mama za ta kai.

Allah ya tsare min kai.
Yaya