Ƙwayoyin Cikin Gwangwanin Fenti

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Sai jiya na gane abin da ya yi sanadin Baban Yara. Ina kwashe kayan aikinsa daga bayan ƙofa, na buɗe wani tsohon gwangwanin fenti, sai ga ƙwayoyin hawan jininsa sun kusa cika shi. Ashe kullum in na miƙa masa magani da ruwa, ruwan kawai yake sha, ƙwayar ta faɗa aljihu.

Abokinsa kafinta ne ya faɗa mini dalili. Wai maganin jiri yake sa shi in yana kan tsani. Na ce me ya hana shi gaya mini? Ya sunkuyar da kai, ya ce Baban Yara tsoron bakina yake. Yaya, gaskiya ne. Ranar da ya taɓa cewa maganin bai karɓe shi ba, na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo, na rantse zan ɓoye tsanin. Ya yi dariya ya ce, "To likita, na tuba." Bai ƙara tayar da maganar ba. Ni kuwa ina ta murna ya ji magana.

Ɗakin ya yi mini girma. Har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa da safe.

Ki sa shi a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Na sami amsarki, Allah ya bar zumunci. Ina fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka.

Na kai wa nas ɗin asibitin da yake karɓar magani gwangwanin. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce akwai wani maganin da ba ya sa jiri, da ya yi magana da an canza masa. Magana ɗaya kawai, Yaya, ni ce na toshe mata hanya.

Yanzu duk Talata nakan je in zauna a bencin masu jiran magani. Ba ni da ilimin da zan koya wa kowa, labarina kawai nake bayarwa. Nakan ce, in naku ya ce magani na damunsa, ku zauna ku ji, kada ku sa ya koyi ɓoye muku. Wata ta ce nata mijin sai da tsawa yake ji. Na ce ni ma haka na zata. Makon da ya wuce ta dawo da shi, an canza masa.

Kafinta ma irin maganin yake sha, kuma matarsa irin bakina gare ta. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansu ina juyowa, don a can aka san Baban Yara, kuka zan yi.

Ki gaida kowa da kowa. Har yau ban shiga na gaya wa matar kafinta labarina ba.

Taki,
Auta